Hancin Na'ibi Mai Gas

Na'ibi mijin yayata Rahamatu ne. Tun ina saurayi nake ce masa Hanci, kuma bai taɓa yin fushi ba, don sunan daɗi yake masa. Daga Mai Wurno ta Sudan ya tsallako aikin hajji kamar yawancinmu, sai Jidda ta riƙe shi. Da dakon tukunyar gas ya fara a Bab Makka, anbuba ake ce mata a nan, yana hawa benayen mutane da ita a kafaɗa. A wannan hawa da sauka ya gano baiwar da Allah ya yi masa. Yana sa ƙafa a gida sai ya ce wa matar gidan tiyon murhunta ya tsage, tun bai ga kicin ɗin ba.

Da ya buɗe ɗan wurin gyaransa a unguwar Khumra, da hancin nan ya ci abinci. Yakan ce gas nauyi gare shi, ba ya tashi sama, ƙasa yake kwanciya kamar ruwa. Don haka in an kawo aiki sai ya tuɓe hula, ya durƙusa, ya bi bututu da hanci har ya tsaya daidai inda yake yoyo. Sauran masu gyara kumfar sabulu suke shafawa a mahaɗar bututu su jira ta kumbura. Shi kuwa dariya yake musu, wai sabulu na masu wanki ne. Mutumin kirki ne, amma a kan hancinsa akwai shi da cika baki, har sai ka gaji.

Shekarun da Turawa masu aikin hanya suka cika garin, sun zo da wata irin mota da ake kira karafan. Ɗaki ce sukutum a kan taya, da gado, da murhu, da firji mai aiki da gas, bututan duk sun bi ta bayan kabad. Jijjigar hanya tana kwance mahaɗarsu, kuma duk wanda ya ji tsoro wurin Na'ibi ake tura shi.

Sai wata shekara mura mai tsanani ta kwantar da shi. Ta tafi, ta tafi masa da jin wari gaba ɗaya, kuma bai gaya wa kowa ba. Rahamatu ce ta gane, ranar da miya ta ƙone a gefensa yana zaune yana jan carbi. Da ta yi masa magana ya ce, "Ke dai ji da girkinki." Haka ya ci gaba da durƙusawa a gaban mutane yana shaƙar iskar banza, sannan ya bi kowane noti ya ɗaure, ya bar sauran ga Allah. Ni ban san komai ba, ina ta kiransa Hanci yana amsawa.

'Yarsa ta fari, Bashira, tana auren wani direba haifaffen Jidda, Abdulghaffar. Shi ne ya sayi tsohuwar karafan a hannun wani Bature da zai koma gida, don ya kai iyalinsa ziyara Madina. Wata Juma'a bayan la'asar ya faka ta a ƙofar gidansu a unguwar Bani Malik, maƙwabta suka taru ana kallo ana sa albarka. Ina wurin. Abdulghaffar ya rusuna wa Na'ibi ya ce, "Ya ammi, shaƙa mana ita kaɗan. In ka ce lafiya, khalas, shi ke nan, gobe sai hanya."

To, ga suruki, ga jama'a, ga mutumin da ya yi shekaru yana yi wa sabulu ba'a. Ta ina zai fara cewa a kawo masa sabulu? Ya tuɓe hula ya shiga, muka hango shi ta ƙofa a durƙushe. Ya fito yana karkaɗe gwiwa ya ce, "Lafiya lau take."

Mu kuwa a al'adarmu, sabon ɗaki ko sabuwar mota ba a shiga sai an turara. Ba a jima ba Bashira ta fito daga gida, ɗanta goye a baya, kaskon turaren wuta a hannu, garwashi ja wur. Ta ratsa mutane tana murmushi ta nufi motar. Ƙafarta ɗaya na kan matakala muka ji muryar Na'ibi.

"Bashira, tsaya nan. Kada ki shiga."

Bahaushe ba ya kiran sunan ɗan fari, kuma tunda aka haife ta ba wanda ya taɓa jin sunan nan a bakinsa. Ita kanta sai ta daskare. Bai ɗago kai ba ya ce, "Koma da wutar nan cikin gida. Hancina ya mutu tun bara. Ban ji komai a ciki ba, ƙarya na yi muku. A kawo mini sabulu da ruwa."

Wallahi ni na ji kunyar kamar ni aka tuɓe a kasuwa. Shi da kansa ya kaɗa kumfa a kwano, ya bi mahaɗa ɗaya bayan ɗaya. A bayan firji, can ƙasa, kumfar ta kumbura ta fashe, ta sake kumbura. Ya rufe anbuba, ya sa aka buɗe tagogi, ya ɗaure wurin. Abdulghaffar ya sumbaci kansa irin na mutanen Jidda, maƙwabta suna ta cewa ai ya yi ta maza, ba kowa ke iya faɗin gaskiya a kansa ba. Washegari suka tafi Madina, suka dawo lafiya.

Aikinsa bai tsaya ba, ya ci gaba da gyara har ƙarfinsa ya ƙare. Amma ya daina zama majalisa, kuma in Bashira ta zo gaishe shi ba ya iya haɗa ido da ita. Abin ya dame ni. Wata rana na same shi a Khumra na ce, "Yaya Na'ibi, wai me ya rage? Ciwo ba laifi ba ne, kuma kai ka ceci yarinyar nan."

Ya juya sifana a hannu ya amsa.

"Kai a matakala ka ji muryata. Ni tun tana zaure na hango ta da wutar, kuma na san abin da zai iya faruwa. Duk takun da ta yi daga can zuwa motar, ina tsaye ina auna sunana da ranta da na jikana. Kuna ta yabon abin da na faɗa, ni kuwa shirun da na yi kafin nan ne ya hana ni kallon fuskarta."