Gajeriyar Igiyar Gwaggo Hansatu

Bazarar bana ta cika shekara ashirin da biyu da rasuwar Gwaggo Hansatu, yayar mahaifina. Abin da ya tuna mini da ita ba wani abu ba ne illa ƙarar injin haƙa burtsatse a gidan maƙwabcina a nan cikin Kano. Karo na biyu ke nan yana haƙawa, domin na farko ya ƙafe tun da mai gidan bayansa ya haƙa wanda ya fi shi zurfi. Mu da ba mu da ƙarfin shiga wannan tsere muna tsaye a ƙofar gida muna ɗaga wa 'yan garuwa hannu, su wuce mu da kura kamar ba su san mu ba. Na ce a raina, kai, da Gwaggo na nan, da unguwar nan ta sha faɗa.

A ƙauyenmu na gefen Kunci, gona na jikin gona, gida na jikin gida. Gwaggo tana da rijiya a bayan gidanta wadda marigayi mijinta ya bar mata, kuma ba ta taɓa hana kowa ɗiba ba. Sharaɗinta ɗaya ne: da gugarta da igiyarta za ka ja. Igiyar kuwa da gangan ta yanke ta gajera, ba ta kaiwa ƙasan rijiyar. In guga ta daina taɓa ruwa, sai Gwaggo ta jawo tsohon ƙyaure ta rufe bakin, kowa ya koma gida har ruwan ya sake tattaruwa. Takan ce rijiya ma baiwar Allah ce, tana bukatar hutu.

A shekarun wadata dariya ake yi mata. Da shekarun fari suka zo, lokacin ina karatun malanta a Bici ina zuwa hutu, sai dariyar ta koma tsegumi. Mata na tsaye da tuluna a rana, ana hango ruwa yana ƙyalli a ƙasa, ita kuwa ta rufe. Har a gabanta ake yada mata magana, wai rijiya ta bayar, guga ta hana. Ko a jikinta. Sauran rijiyoyin gari kuwa aka yi ta ƙara musu igiya, ana kwalfar laka, ana zura mutane suna yasa cikin rairayi, har rijiyoyin suka riƙa ruftawa ɗaya bayan ɗaya. Kafin a farga, rijiyar Gwaggo ce kaɗai ta rage wa unguwa. In ta mutu, sai dai a ɗaure kaya a bar gari, kamar yadda wasu ƙauyukan suka yi.

A nan ne ta haɗu da jarrabawarta, kuma daga cikin gida ta zo. Mahaifina yana da shanun huɗa biyu, ɗaya muna kiransa Jan Sa, su ne ƙarfinsa, su ne taƙamarsa. Rabon ruwan gidanmu ba ya isar mutane da shanu. Wata rana da hantsi ya zo da guntuwar igiya a hannu zai ƙulla a kan tata. Ya ce, "Yaya, yau kaɗai. Bakin Jan Sa ya bushe." Ta dube shi, idonta ya kawo ruwa, ta ce, "Malam Sule, in na ƙara maka, da wane bakin zan hana gobe? Ni na goya ka, amma ba zan kashe rijiyar mutane saboda sanka ba." Rabonta na ranar ta juye masa a masaki, ta wuni da ƙishi, amma igiya ba ta ƙaru ba.

Jan Sa bai kai damina ba, mahauta aka kira tun yana da sauran numfashi. Baba ya yi fushi irin na masu haƙuri: ya daina bi ta ƙofarta, ya daina gaishe ta. Wallahi ni ma a lokacin na ga taurin zuciyarta. Amma rijiyar ta rayu, ba gidan da ya tashi a unguwarmu, kuma da ruwanta aka jiƙa bakin yara har hadari ya dawo. Baba bai taɓa cewa ta yi daidai ba. Ran da aka yi ruwan shuka dai ya shiga ya durƙusa ya gaishe ta, maganar ta wuce a haka.

Yau da za ta zo birni, ta ga tankin wani yana ambaliya a titi yayin da maƙwabcinsa ke taimama, na san abin da za ta tambaya: wa ke riƙe da igiyar garin nan? Ruwan ƙasa ɗaya ne, bai san katangar kowa ba, amma kowa na zura tasa iya ƙarfin aljihunsa. Ba mu da mai cewa ya isa haka, balle wanda zai fara faɗa wa ɗan'uwansa na jini.

Ita ma a bazara ta rasu, bayan an gama ɗiban safe. Da aka zo jan ruwan da za a yi mata wanka, guga ba ta kai ba. Wani ya ruga ya kawo ƙarin igiya. Baba, tsoho tukuf a lokacin, ya riƙe hannunsa ya ce, "Ba a ƙara wa Yaya igiya." Sai matan unguwa suka juya gidajensu ba tare da kowa ya ce musu komai ba, suka dawo ɗauke da tuluna, kowacce da ruwan da ta ja a rijiyar da safen nan. Da shi aka wanke ta.

Ba ta bar gona ba, ba ta bar ɗa ba. Rijiyar dai tana nan da ruwanta, kuma duk sanda igiya ta tsinke, da tsohuwar ake auna sabuwa. Allah Ya jiƙan Gwaggo Hansatu, Ya shayar da ita daga tafkin Alkausara.