Kawu Ishaya da Allurar Masu Ciki

Ku da kuka san Kawu Ishaya, kun san ba ya wuce saniya a hanya. Mutum kam yana iya wuce shi babu ko sannu, amma saniya? Ina! Zai goyo ni a tsohon babur ɗin nan nasa mai tari, zai kai ni makarantar da nake koyarwa a Samaru, sai kawai in ji ya taka birki. Garke ne ke tsallake titi. Ya sauka ya bar ni riƙe da babur, ya zagaya bayan wata saniya, ya duƙa yana leƙen hantsarta.

"Kawu, zan makara fa!"

"Ɗalibanki ba inda za su. Wannan kuwa cikinta wata bakwai, kuma ba wanda ya yi mata komai."

Ƙanen mahaifiyata ne, malamin dabbobi. Ya yi ritaya daidai lokacin da wayar salula ta shigo Zariya, amma a takarda kawai ya yi ta. Wa'azinsa ɗaya ne, har mun haddace: zawon da ke kashe 'yan maruƙa a satin farko ba a jira sai ya zo. Uwar ake yi wa allura tun tana da ciki, saura wata ɗaya ko biyu ta haihu, sai kariyar ta sauka cikin dakashi, wato nonon farkon nan mai kauri, ɗan ya tsotsa. Makiyaya su yi ta dariya: "Likita, ɗa ke zawo, uwa ke shan allura?"

Mutum ɗaya ce ba ta yi dariya ba, Inna Dije, mai kawo mana nono daga wata ruga bayan Shika. Mijinta ya rasu, aka raba gado, ta tashi da saniya ɗaya tak. Sau biyu saniyar na haihuwa, sau biyu zawo na kashe ɗan kafin ya yi sati, kuma saniyar Fulani in ta rasa ɗa sai ta ɗauke nono. Dangin mijin suka ce in na ukun ya mutu, kasuwa za a kai ta. Ran da ta faɗa wa Kawu haka a tsakar gida, ko ƙwaryarta ba ta sauke ba ya shiga neman makullin babur.

Wani mai shagon maganin dabbobi a Sabon Gari ya samo masa allurar, 'yar kwalba kamar ta turare, kuma ba ta son zafi. Matarsa, Mama Saratu, zoɓo take sayarwa. Ta dawo daga taron zumuntar mata ta tarar da robobinta kaf a jere a ƙasa, kwalbar nan ita kaɗai a tsakiyar firji kamar baƙuwa.

"Baban Yohanna! Wannan 'yar mitsitsiyar ce ta kori zoɓona?"

"Kuna ta buɗewa kuna rufewa, sanyi na guduwa."

"To masu saye fa?"

"Su sha da ɗumi, ya fi gyara murya."

In aka ɗauke wuta sai ya je Sabon Gari ya sayo ƙanƙara, ya sa kwalbar a kula. In ta narke kuma ba ya zubarwa, da ita ake dafa masa shayi. Na ce, "Haba Kawu, ruwan kula?" Ya ce, "Ƙanƙarata ce, kaya kawai ta canza."

Ranar allura ya yi wa saniyar Inna Dije lafiya lau. Sai dai kwalbar ta shanu biyar ce, kuma in an huda ta ba ta kwana. Kawu ya zubar da rabo huɗu? Wallahi gara ka ce ya zubar da jininsa. Ya biyo ta kasuwar Samaru da rana tsaka, ya tare wani dattijo mai sanda a kafaɗa, babu gabatarwa babu komai.

"Malam, masu ciki nawa ne a wurinka?"

Mutumin ya dube shi sama da ƙasa. "Biyu. Me ya faru?"

"Wata nawa-nawa?"

"Kai bawan Allah, ina ruwanka?"

"Allura zan yi musu a wuya. In suna harbi sai ka riƙe mini ƙafa."

Sai da masu tumatir suka shiga tsakani kafin a gane iyalinsa dattijon yake lissafi. Da aka gama dariya, shi ɗin ne ya hau bayan babur ya kai Kawu garken ƙanensa, kuma ko ɗigo bai yi saura a kwalbar ba.

Wata Lahadi da safe muna tsakiyar sujada, wayar Kawu ta ɗau kuka. Inna Dije ce ta ari ta wani: saniya ta haihu. Ya fice da babbar rigarsa ta coci, ni kuma na bi shi don kada Mama Saratu ta ce na bar shi shi kaɗai. Muna isa muka ga 'yar maraƙar a ɗaure can gindin bishiya, jikinta bai gama bushewa ba. Inna Dije tana tsugune tana tatse nonon nan mai ruwan ɗorawa, har ta kusa cika ƙwarya.

"Inna, ina za ki kai wannan?"

"Zubarwa, Likita. Wannan ai shi ke tsinka musu ciki. Sai ya yi fari nake sakin su."

Kawu ya dafe kai. "Maganin da na ɓata da matata a kansa, shi za ki ba tururuwa? Inna, duk allurar tana cikin ƙwaryar nan!"

Ya kwance 'yar maraƙar, ya durƙusa cikin kashin shanu da rigar coci, ya tallabe ta ya kai bakinta ga nono. Saniyar ta sakar masa ƙafa a cinya. Ya cije ya ce, "Ba komai, godiya take yi." Na cikin ƙwaryar ma sai da ya ɗura mata shi kaɗan-kaɗan.

Ina cikin dariya na lura Inna Dije ba ta motsa ba. Can ta ce a hankali, "Likita, waɗancan biyun ma haka na yi musu. Ni na kashe su ke nan?"

Kun san Kawu, ba ya tauna magana, ko fasto ne sai ya gyara masa karatu. Na tsorata da abin da zai fito daga bakinsa. Sai ya ci gaba da shafa bayan 'yar maraƙar, bai ɗago ba.

"Waɗancan ba a yi wa uwarsu allura ba. Laifina ne da ban zo da wuri ba."

A hanya ya ce mini, "Rifkatu, haka za mu bar maganar nan." Na bar ta har ya koma ga Ubangijinsa. 'Yar maraƙar ta rayu, ba a kai saniya kasuwa ba, nono bai sake yankewa a ƙwaryar Inna Dije ba.

Da Kawu ya rasu ta zo gaisuwa, ta zauna kusa da ni a tabarma. Can ta kama hannuna.

"'Yata, ran nan na san ni ce. Shi ma ya san na sani. Ɗauke mini kawai ya yi."

A nan ne kukan da na riƙe tun asibiti ya ƙwace mini. Ya Ubangiji, ga bawanka Ishaya nan ya zo, da taurin kansa da komai. Yadda ya ɗauke wa wannan baiwar taka nauyin da ya fi ƙarfinta, kai ma ka ɗauke masa nasa, ka ba shi hutawa. Amin.