Zuben Gidanmu da Matan Maori

Ni ban san akwai wasu mutane wai su Maori ba sai da jikata ta kawo mini su har ɗaki, cikin waya. Ɗiyar ɗiyata ce, malamar firamare a Damba, ita ke zaune da ni a Gusau tun da ƙafa ta fara yi mini gardama. Ina tsintar shinkafa ta zo ta dangwara wayar bisa faifai, wai in duba. Wata mata ce cikin kwat tana karanta labarai a talabijin, haɓarta duk zane, baƙi wuluk har leɓe. Na ce wa ya yi mata wagga aika-aika? Ta ce matar ita ta kai kanta, da girmanta da karatunta. Wai ƙasarsu can bayan teku take, Niyuzilan. Turawa suka iske su, aka hana yaransu yin yarensu a makaranta, zanen ma ya kusa ƙarewa sai a fuskar tsofaffi. Yanzu sun farka: kakanni ke zama da ƙananan yara suna yi musu yaren, mata kuma na komawa ga zanen gidajensu.

Na ce Allah ya taimake su, ɗauke mini waya in ga tsakuwa.

Ba ta ɗauke ba. Fuskata take kallo kamar yau ta fara ganina.

Ina da zube irin na Zamfarawa, tsaga daga gefen baki har kusa da kunne, kunci biyu. A Bungudu wanzami ya yi mini ina jinjira. Ba a tambaye ni ba, ban kuma taɓa jin haushinsa ba sai da na haifi masu boko. Uwar wagga yarinya, lokacin tana makarantar kwana, ta roƙe ni in riƙa jan mayafi in na zo ziyara. Ita jikar tana ƙarama ta tambaye ni ko kyanwa ce ta yakushe ni. Ɗan'uwanta ya taɓa sayo mini wani mai a Sabon Gari, wai yana goge tabo. Na shafa wa kaushin ƙafa. Da na shiga ajin yaƙi da jahilci, da furfurata, ina riƙe da fensir kamar muciya, malamar ta nuna ni ta ce ga misalin al'adun da ilimi ya kawar. Na zauna aka yi darasi da fuskata. Duk na shanye. 'Yan'uwana masu irin zuben sun rasu ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya yi wa ɗansa, ni ma ban yi ba. Ni kaɗai na rage.

To wai yau, don wasu mata a bayan teku sun yi, jikata ke so a tsaga mata irin nawa.

Na ce mata ashe sai an nuna miki a waya kike ganin abin da ke gabanki kullum yana ba ki tuwo. Na kuma gaya mata abin da ko akuyar gidanmu ta sani: zube na gidan uba ne. Ubanta mutumin Tsafe ne, Bakatsine. In ta ɗauki namu, duk tsohon da ya gan ta zai ce uwarta ta yi ƙarya ko wanzami ya sha wani abu. Ta ce su Maori suna ƙirga dangin uwa ma. Na ce to ta je su aurar da ita.

Yarinya ba ta bar ni na sha ruwa ba. Da safe Maori, da yamma Maori. Wai in sun tashi magana a taro sai sun faɗi dutsensu da koginsu da kakanninsu kafin sunansu. Na ce bisimilla, faɗi naki. Ta ce dutsen Kwatarkwashi, ta ce gulbin da ya ratsa Bungudu, ta faɗi sunan mijina, daga nan ta tsaya tana ƙifta ido. Ko sunan ubana ba ta sani ba, mai zuben da take nema.

Don ta ƙyale ni na yarda muka tafi Bungudu, a hanyar nan da yanzu sai da addu'a. Na san wanzamin gidanmu ya daɗe a ƙasa, ɗansa ke riƙe da zabira, na kuma san ba zai yi ba. Haka aka yi. Ya ce shi aski da ƙaho ya gada, askar tsaga tun zamanin babansa aka aje ta. Malamai sun hana, hukuma ta hana, kuma shi bai taɓa jin an tsaga baliga ba. Na ji daɗi, na fara laluben takalmi. Sai ta ce to ya duba fuskata ya zana mata yadda tsarin yake, ko da gawayi ne.

Ya matso, ya juya ni wajen haske, ya daɗe yana kallo.

Ya ce, "Inna, ki gafarce ni. Ban iya rabe zuben da tamojin tsufa."

Na ce ubanka da ido ɗaya yake aiki bai taɓa faɗin haka ba. Amma maganar ta zauna mini. A mota ina shafa kunci har Gusau. Ni ina cewa sai an binne ni zuben zai ƙare, ashe ya fara tafiya tun ina numfashi, fata na haɗiye shi.

Da muka iso na ce ta kawo madubi da kwalli. Na ja fatar kuncina da yatsu har ta miƙe, layukan suka fito, ita tana bi tana zana wa kanta. Ta karkace, na goge da yawu. Ta jera su kamar kunyar gero, na ce ba gona ba ce, daga baki suke tasowa su buɗe. Kowane layi sai na sa ta faɗi sunan mutum guda na gidanmu, daga ubana zuwa sama, har inda nawa sanin ya tsaya. Da hannunta ya faɗa, ta sayo baƙin lalle, ni na zana mata. Aska kuwa na rantse ba za ta taɓa ta ba ina raye.

Haka ta tafi makaranta. Yara suka yi ta dariya, wasu suka koma gida suna tambayar kakanninsu nasu zanen, wata tsohuwa har ta aiko a gaya mini na tayar mata da fitina.

Ranar Juma'a ubanta ya zo daga Tsafe. Ya gaishe ni, ya ga ɗiyarsa, gaisuwar ta maƙale.

Ya ce, "Inna, ɗiyar Katsinawa da zuben Zamfarawa? Wagga ai sata ce da rana tsaka."

Na ce, "Kawo mini mutum guda a gidanku da ya rage da naku, in zana mata shi yanzu."

Ya sosa ƙeya. Ya ambaci wata gwaggonsa ta Bilbis, sannan ya tuna ta rasu. Ya ambaci wani, shi ma haka. Sai ya ce a ba shi buta.

Lallen ba ya daɗewa. Yana dushewa take zuwa ta tsuguna gabana da kwano, ba ta duba ko ina jan carbi ko ina cin goro. Idona ga shi nan sai a hankali. Na ce mata ta buɗe ido ta iya da kanta, don ni ba Maori ba ce, na gaji.