Ramin da Muka Tona a Bayan Ɗakin Kaka

A babban hutun lakol na bara, wato hutun makaranta, ne ƙwallon kwando ta shiga kaina. Malamin wasanninmu ya ce in an koma zai zaɓi waɗanda za su je Maradi wasa, ni kuwa in na jefa goma, ɗaya ce ke shiga, ita ma bisa kuskure. Filin lakol a kulle yake duk hutun, dole in kafa nawa a gida.

Baba ya ba ni rabin buhun siminti da ya rage daga gyaran zaure, ya ce ko zan yi kukan jini babu ƙari. Wani mai walda a tashar Gazawa ya liƙa mini zoben ƙarfe a kan dogon bututu. Saura kafawa.

Ni da ɗan kawuna muka zaɓi lungun bayan ɗakin Kaka. Wuri ne shimfiɗaɗɗe, ko akuya ba a ɗaurewa a nan, kuma ba mu tambayi dalili ba. Ƙasar gidanmu rairayi ce, da cokali ma sai ka tona rijiya, amma a nan sara uku diga ta fara tartsatsi. Duwatsu ne jere, kowane kamar kan bijimi. Ɗan kawuna ya ce sa'a ce, abin da aka kafa cikin dutse ba ya girgiza. Muka yi ta ɓamɓara har tafin hannuna ya tashi.

Kaka na zaune a inuwa tana ɓarar gyaɗa.

"Maigidana, zinariya kake nema mini?"

Na ce mata wannan aikin zamani ne, tsofaffi ba su gane shi. Ta ce to, ta yi shiru ke nan.

Rami ya kai gwiwa, haƙurina ya ƙare. Na juye simintin duka a kan tsohon kwanon rufi, na zuba yashi da tsakuwa da ruwa, na kwaɓa. Ina dawowa na tarar ɗan kawuna yana fama da wani faffaɗan dutse a ƙasan ramin. Na karɓi dagi, na shiga, na ɗaga shi da hannu biyu na caka. Dagin ya wuce ƙasa, bai sake dawowa ba. Ƙafata ta dama ta bi shi.

Na sha jin wari a duniya, na wuce mushen jaki a hanyar Gangara, amma wannan ya fi ƙarfin hanci, ɗanɗana shi na yi. Kyankyasai suka yo sama, jajaye, masu ƙiba, wasu ta cikin wandona. Da ɗan kawuna ya jawo ni, ƙafar ta fito baƙa ƙirin tana ɗiga, babu takalmi. Kaji ma sun bar gidan.

Kaka ta toshe hanci da gefen zane, ta ce tsohuwar salgar gidan ce. Tun kafin a haife ni ta cika, aka rufe ta da duwatsu aka bi da ƙasa, yadda kowane gida ke yi, ruwan damina kuma ya jiƙa ta. Na ce me ya hana ta faɗa.

"Ai aikin zamani ne."

Baba ya shigo daga gona, ya tsaya daga nesa. Ya dubi ramin, ya dubi kwaɓin da ya fara bushewa. Na roƙe shi a tona wani wuri da sauri, ya ce kafin nan duk unguwa ta yi ƙaura. Da hannuna na mayar da duwatsun, na kwashe simintina kaf na shafe bakin salgar, ina yi ina yunƙurin amai.

Aka koma lakol, aka tafi Maradi ba da ni ba. Na kuma yi sati biyu ban iya kallon miyar kuka.