Baba Yana Rukunin Masu Jira

Babanmu tela ne, kuma tun da na yi wayo ban san shi da wata tafiya ba sai daga ɗaki zuwa shago. Ƙafafunsa a kan keken ɗinki suke wuni. Abu ɗaya yake tsoro a duniya, mantuwa. Ya ga mahaifinsa ya tsufa har ya daina gane 'ya'yansa, shi ya sa ko allura ya manta inda ya soke ta sai jikinsa ya yi sanyi, ya ce, "To, ta fara."

Yayanmu kuwa malamin jami'a ne, bincikensa a kan yadda motsa jiki ke kare zuciya da ƙwaƙwalwa. In Baba ya fara ba masu kawo ɗinki labarinsa, sai dai ka nemi wurin zama. Ranar da Yaya ya zo neman dattawan da za a yi bincike da su, Baba ne ya fara ɗaga hannu, ya kuma jawo rabin tsofaffin layinmu. A ranar ya sayo farin takalmin kambas, irin na 'yan makaranta. Muka yi ta masa tsiya, wai angon gudu.

Ashe da ƙuri'a ake raba mutanen rukuni biyu. Wasu za a riƙa kai su ɗakin motsa jiki, wasu kuma su ci gaba da zamansu yadda suka saba, don a gwada bambanci. Ƙuri'a ta jefa Baba cikin masu zama. Yaya ya durƙusa a shago, a gabana, ya ce, "Baba, ku yi haƙuri. Kada ku canja komai. Ana gamawa ku ma za a kira ku, ni da kaina zan ɗaura muku takalmin."

Baba ya mayar da kambas cikin kwali, ya ɗora a kan kabad ɗin zare.

Wayyo, Baba da riƙon amana! Abokansa na wucewa da safe suna haki suna dariya, shi yana leƙensu ta taga. Na ce masa, "Baba, taso mu zaga layi, wa zai sani?" Ya harare ni ta saman tabarau. "So kike in ɓata wa yaro aiki?" Ko aike ya kama sai ya hau mota, wai kada tafiyar ta shiga lissafi. Lokaci-lokaci a kai shi a auna jininsa, a ba shi kalmomi ya maimaita, a dawo da shi.

Aka gama bincike. Yaya ya zama farfesa, aka gayyace mu lacca. Baba ne ya rage masa hannun rigar bikin, sai dai sau biyu yana ɗinke hannu ɗaya ina warwarewa. A zauren, Yaya ya haska zanen layi biyu na ƙarfin ƙwaƙwalwa a bango, ɗaya a miƙe, ɗaya yana gangarowa. Ya ce na ƙasan su ne waɗanda ba su motsa ba. Aka ɗau tafi. Baba ma yana tafi, har da hawaye. Ni kam hannuna ya ƙi ɗaguwa, don wallahi na gane layin nan, da shi na zo a mota.

A waje na tare Yaya, na ce yaushe za a kira masu jira? Yana gaisawa da mutane ya ce min shirin ya ƙare, an rufe ɗakin motsa jikin, shi ma wata jami'ar zai koma. "Ai tafiya ce kawai, ke ki riƙa fita da shi mana." Kawai! Ban taɓa jin haushin ɗan'uwana irin na ranar ba, kuma har yau bai sauka ba.

Yanzu an rufe shago. Sunana ya ɓace wa Baba, baiwar Allah yake ce min. Kullum da safe sai ya ciro kambas ɗin, ya zura ƙafa, ya zauna a bakin ƙofa igiyar takalmin a kwance. In na kama hannunsa mu fita sai ya janye.

"A'a, baiwar Allah," in ji shi. "Yaron bai ce mu tashi ba tukuna."