Yadda Gidan Gwaggo Ya Shiga Kundin Bincikena

Ni 'yar Maradun ce, amma a Talata Mafara na yi karatun gaba da sakandare, a can kuma nake koyarwa yanzu. Shekarar da na samu gurbin digiri na biyu a wata jami'a ta arewacin Turai, duk wanda ya tambaye ni abin da zan karanta sai ya yi mini kallon wadda ta rasa aikin yi. Karatun namu nazarin manyan makarantu ne su kansu: yadda kowace ƙasa take tafiyar da jami'o'inta da kwalejojinta, da yadda al'adar mutanen wurin take shiga cikin lamarin, sannan a jera su a kwatanta. Wani kawuna ya saurare ni har na gama, ya ce, "Wato karatu za ki tahi yi bisa karatu?" Na ce masa ƙwarai kuwa. Har yau ban samu bayanin da ya fi nasa ba.

Zangon farko ya yi mini daɗi. 'Yan ajinmu daga ƙasashe daban-daban suka fito, kowa da labarin makarantun garinsu, ni kuma ba a bar ni a baya wajen surutu ba. Rigimar ta fara ne da aka zo maganar kundin bincike. Mai duba aikina wani farfesa ne dattijo, dogo, mai zuwa ofis a kan keke ko da ƙanƙara ake zubawa. Yana da kirki, yana kuma da taurin kai daidai da nawa. Shi ya ba da shawarar in kwatanta irin taimakon da kwaleji take ba ɗaliban da suka fito daga karkara, in ɗauki ɗaya a ƙasarsu, in ɗauki tamu ta Mafara. Ya tashi ya zana jadawali a allo: wurin kwana, abinci, kula da mara lafiya, mai ba ɗalibi shawara idan ya faɗi jarrabawa. Ɓangarensu ya cika nan da nan. Da aka zo namu, sai na ji bakina yana ta maimaita "babu" da "akwai, amma bai isa ba."

Ya ajiye alƙalami ya ce to shi ke nan, aikina ya fito, zan rubuta yadda wannan rashi yake korar 'ya'yan karkara daga karatu.

Raina ya ɓaci sosai. Ban yi ƙarya a jadawalin ba, amma ni ce 'yar karkarar da ake magana a kai, kuma na gama kwalejin nan ban taɓa kwana da yunwa ba, ban taɓa rasa wurin sa haƙarƙarina ba. A gidan Gwaggo na zauna.

Gwaggo ba ƙanwar mahaifina ba ce ta jini. Marigayi mijinta da mahaifina sun yi fataucin hatsi tare, iyakar dangantakar ke nan. Da na samu shiga kwaleji, mahaifina ya kai ni gidanta da akwatina da buhun shinkafa, suka yi gaisuwa mai tsawo, ya yi sallar la'asar ya koma Maradun. Na tarar da wasu 'yan mata a ɗakin da aka ba ni, ɗaya daga Kaya, ɗaya daga Damri, su ma haka aka kawo su. Gwaggo ba ta yi boko ba, amma ta san lokacin jarrabawa fiye da wasu malamanmu. Da zarar an fara, sai ta hana mu taɓa tsintsiya da tukunya, ta ce karatu ya kawo mu. Idan wata ta faɗi, Gwaggo ce take yafa mayafi ta shiga mota har garinsu, ta zauna da uban, ba ta tashi sai ya yarda yarinya ta maimaita. Kuma ba gidanta kaɗai ba ne. A unguwarmu kusan duk gida mai shago, wato ɗakin ƙofar gida, ko wani ɗakin da ba a amfani da shi, akwai ɗan wani a ciki yana karatu.

Na zayyana wa farfesa wannan duka. Ya saurara da kyau, ya ce labari ne mai daɗi, amma labarin mace ɗaya ce mai kirki, kuma kirkin mutum ɗaya ba tsari ba ne. Idan na ce tsari ne, in je in kawo shaida daga bakin masu masaukin kansu. Idan hutun binciken ya ƙare ban kawo ba, za mu koma kan jadawali. Na amsa da ƙarfin gwiwa, don a ganina babu aiki mai sauƙi kamar wannan. Tsohuwar da na yi shekaru ina tsefe wa kai ce za ta ƙi yi mini magana?

Na dawo Mafara, na sauka a gidanta. Na bari aka gama murna, aka rarraba tsaraba, aka sha tambayata ko da gaske ne rana ba ta faɗuwa a can wani lokacin. Sannan wata hantsi tana zaune tana tsince wake a faifai na zo da rikoda na ajiye a tabarma. Na yi mata bayani yadda aka koya mini, cewa ba za a sa sunanta ba, ba wanda zai san ita ce. Na ce ina so ta gaya mini ɗalibai nawa suka zauna a gidanta, da irin wahalar da ta sha a kansu.

Hannunta ya tsaya a cikin faifan. Ta ce, "Kashe abin ga."

Na kashe.

"In zamna in ƙidaya ɗiyan mutane kamar awaki? Ke ma kin ci tuwon gidan ga. Kin taɓa jin na hwaɗa ma wani?"

Na ce, "Gwaggo, ai ba wanda zai san sunanki."

Ta ce, "Wanda nika yi dominai ya san sunana. Abin da anka yi don Allah, in anka bi gari ana hwaɗi nai, mi ya rage?" Ta ja faifanta ta juya gefe. Daga ranar ta koma kirana Malama, kuma duk wanda ya san Gwaggo ya san ba girmamawa take nufi ba.

Na ce to, ba ita kaɗai ce mai masauki a Mafara ba. Na je wurin wani tsohon hedimasta da shagonsa bai taɓa zama babu ɗalibi ba. Ya karɓe ni hannu biyu, ya sa aka kawo mini fura, ya yi awa yana ba ni labarin lalacewar ilimi. Da na kawo maganar yaran da ke shagonsa sai ya yi dariya ya ce, "Allah dai shi karɓa, Malama," ya koma kan lalacewar ilimi. Sauran gidajen ma haka. Wata ta ce mini ita ba ta riƙe kowa ba, alhali ga takalman 'yan makaranta jere a ƙofar ɗakinta ina gani. Lokaci yana tafiya, rikodata babu komai a ciki sai gaisuwa. Na ji haushin farfesa, na ji haushin Gwaggo, na ga dai za a tilasta mini in rubuta cewa garin da ya ciyar da ni ba shi da komai.

Ran Talata na shiga kasuwa don in huce. A wurin masu tumatir na ci karo da wadda muka zauna ɗaki ɗaya, 'yar Damrin nan, ta girme ni kaɗan, yanzu ungozoma ce a Bakura. Bayan mun gama ihu da gaisuwa, ta tambayi Gwaggo. Ban ma ba ta amsa ba ta kama labari: yadda zazzaɓi ya kwantar da ita ana gab da jarrabawar ƙarshe, yadda Gwaggo ta kwana uku a kan tabarma a asibiti, yadda ta je har gidan malaminsu ta tsaya a zaure sai da aka yarda a ba ta damar rubutawa daga baya. Tana faɗa tana share ido da gefen mayafi, mai tumatir yana jiran mu matsa masa. Ni kuwa tsaye nake ina jin kaina yana buɗewa. Abin da na yi makonni ina roƙo a bakin masu masauki, ga shi ana zuba mini ban tambaya ba.

Na ce mata, "Yaya, da zan sa rikoda, za ki maimaita?"

Ta ce, "Mi zai hana? Ita in ta hwaɗi, gori na. Ni in na yi shiru, butulci na. Ke duk karatun da kinka yi ba ki san wa aka tambaya ba?"

Na sani mana. Da shi na tashi. Na dai ɗauko tsarin tambaya daga inda mai bayarwa hukuma ce mai ofis da rahoton shekara, na kawo shi inda mai bayarwa tsohuwa ce mai tsoron ɓata ladanta.

Daga nan aikin ya tafi kamar an kwance shi. Na bi tsofaffin ɗalibai zuwa Bakura da Damri da Kaya da garinmu Maradun, ina fita da safe idan direbobi suka ce hanya lafiya, wani wurin a mota, wani wurin a babur. Malaman firamare, malaman gona, ma'aikatan asibiti, kowa ya ba ni sunan wani in je in same shi. Magana suke yi har batir ya mutu, su kawo mini nasu. Ba duk labarin ne mai daɗi ba. Akwai wanda aka mayar ɗan aike a gidan da ya sauka, akwai wadda ta bar karatu don mahaifinta bai san kowa a Mafara ba. Na rubuta su duka.

A gidan ungozomar a Bakura na ga abin da ya fi komai amfani gare ni. Muna hira sai ga wasu 'yan mata sun shigo da littattafai, sun durƙusa sun gaishe ta sun shige ɗaki. Na tambaye ta su wane ne. Matar da ta cika mini rikoda da labarin Gwaggo sai ta ce, "Yara na dai," ta tambaye ni ko a ƙaro kunu. Na matsa, ta ce, "Kashe abin ga." Na yi dariya har na ƙware. Daga baya na lura kusan duk wanda na yi hira da shi, in dai yana da ɗakin kansa, akwai ɗan wani a ciki.

Da na koma, na yi ɓangaren ƙasarsu. Na tambayi ɗaliban can wa suke gode wa a kan wurin kwana da asibiti, suka yi mini kallon mamaki, suka ce haƙƙinsu ne, iyayensu sun biya haraji. Ban raina wannan ba ko kaɗan. A can ɗan da ubansa ba shi da aboki a gari yana samun ɗaki kamar kowa. Amma kuma wata ta gaya mini ta yi mako tana kwance ba lafiya, ba wanda ya ƙwanƙwasa ƙofarta, sai da ta iya tashi ta je ofis da kanta. Na sa wannan gefe da wancan, ban ce wani ya fi ba, na dai ƙi yarda a rubuta "babu" a inda akwai.

Farfesa ya karanta, ya ce har yanzu ba muryar mai masauki ko ɗaya. Na ce ba zai samu ba, kuma dalilin rashin nata babi ne guda, ga shi. Mun yi ta ja, ya cika gefen takarduna da jan biro, na gyara inda ya fi ni gaskiya, na tsaya a inda na fi shi. A ƙarshe da kansa ya ce in ƙara wa jadawalin ɓangare na uku, na abin da gari yake yi wa ɗalibi ba tare da kwaleji ta sani ba.

Ranar kare kundi, mai jarrabawar da aka gayyato daga wata jami'a ta tambaye ni abin da na san za a tambaya. Ta ce waɗannan tsofaffin idan suka mutu fa, mene ne zai rage? Na ce mata ta duba babi na biyar, waɗanda aka saukar jiya su ne masu saukarwa yau, kuma wannan ne ya sa na kira shi tsari.  Aka ba ni digirina.

Na dawo Mafara na kama aiki, na samu gida mai ɗaki biyu kusa da kwaleji. Na je gaishe da Gwaggo da kwafin kundin a jaka, ina shirin in nuna mata cewa ba sunanta, ba adadin kowa, ba wata kalma tata a ciki. Ta karɓi gaisuwata, ta yi mini barka, ba ta ko kalli jakar ba. Can ta ce, "An ce gidanki ɗaki biyu na."

Na ce e, ɗaya nake kwana, ɗayan na zuba littattafaina.

Ta ce, "Akwai wata daga Kaya, ta samu shiga, nan kau ya cika. Ranar Talata ubanta shina tahowa da ita. Ki kwashe littattafan nan."

Ban tambaye ta ko ta huce ba. Na koma gida na fara ɗaure littattafan a kwali, har da kundin, sannan na aika a sayo katifa.