Harawar Shanu Bakwai

A shekarata ta biyu da fara aikin malamin gona aka tura ni wajen Bunkure, lokacin da ruwan Tiga ya soma bin magudanan siminti zuwa gonaki. Filayen da shanu suka saba bi da rani, suna cin kara suna barin taki, duk aka yanka su fuloti-fuloti, aka zuba alkama da tumatir. Saniya ta kuskura ta shiga, sai gaban dagaci.

Akwai wani dattijon Bafillace da ya daɗe zaune a gefen ƙauyen da nake aiki, yana noman tudu yana kiwo. Baffa nake ce masa. Ƙanensa ya kora garkensu kudu, shi kuwa ya ce gwiwarsa ba za ta kai shi ba. Aka bar masa shanu bakwai.

Da damina ta kusa, na kai masa wani irin wake da aka ba mu a Kadawa, ƙulle a takarda. Na ce idan dawa ta yi wata guda, ya shuka shi a tsakaninta.

Ya juya ƙwayar a tafin hannunsa. "Ana ci?"

"Na shanu ne, Baffa. Ganyen ake so."

"Malam, tun kafin a haife ka muke sa wake kanannaɗo a cikin dawa. Mu ci wake, su ci harawa. Wannan da me ya fi shi?"

Na ce an faɗa mana yana jure rashin ruwa. Gaskiya ni ma ban taɓa ganinsa a gona ba.

Ya ware masa kunya goma a ƙarshen gona, sauran ya sa kanannaɗonsa. Irin nawa ya yi yaɗo, ya hau dawa har ya kwantar da wasu. Ranar da na je, da sanda kawai ya nuna mini. Dawar wajen ba ta yi abin kirki ba.

Bayan girbi kanannaɗo ya bushe aka naɗe shi, wancan kuwa yana nan kore shar. Sai da aka ɗauki makonni ana yankar wa shanu ɗanye, kafin ya naɗe ragowar ya ɗora a kan rumfa. Harawar nan biyu da karan dawa su suka riƙe shanun har saukar ruwa. Wata tsohuwar saniya ta mutu duk da haka. Matarsa dai ba ta fasa kai nono kasuwar Kura ba.

Da shuka ta zagayo, ya aiko a kira ni. Ya ce zai sake sa irin nawa, amma sai dawa ta kai ƙugu, ba yadda na faɗa ba. Na rubuta haka a rahotona. Kafin a yi girbi aka mayar da ni Dawakin Kudu.